Zaman Baƙunta a Balensiya: Teku, Wuta da Kalandar Gari

Balensiya ita ce birni na uku a girma a ƙasar Sifaniya bayan Madrid da Basalona, tana zaune a gaɓar Bahar Rum ta gabashin ƙasar, kuma mutanen da ke cikinta sun kai kimanin 800,000, ban da na garuruwan da suka kewaye ta har suka kusa haɗewa da ita. A 'yan shekarun nan sunanta ya yi tashe a tsakanin masu barin ƙasashensu domin zama a wata ƙasa, musamman tun da kamfanin InterNations na Jamus, wanda ke jin ra'ayin baƙi mazauna ƙasashen waje kowace shekara, ya sa ta a matsayi na ɗaya a 2020 da 2022 da 2024. Dalilan da ake bayarwa sanannu ne, domin sanyin hunturu a can ba ya tsanani, rana tana fitowa mafi yawan kwanakin shekara, asibitocin gwamnati suna aiki, garin shimfiɗaɗɗe ne da ake zagayawa a kan keke, ga kuma teku. Sai dai yawancin waɗannan abubuwa ɗan yawon buɗe ido na mako guda ma yana samun su, don haka ba su ne ke raba mai zama da mai wucewa ba. Abin da ke raba su shi ne kalandar gari, wato jerin bukukuwan da mutanen wurin suke auna shekararsu da su, da kuma ko baƙon ya tsaya a matsayin ɗan kallo ko ya shiga ana damawa da shi.

Abu na farko da ke ba sabon zuwa mamaki shi ne cewa tsohon garin ba a bakin ruwa yake ba. Rumawa ne suka kafa shi a shekara ta 138 kafin haihuwar Annabi Isa, a gefen kogin Turiya, kimanin kilomita huɗu daga gaɓa, kuma ƙarnuka da dama masu mulki da attajirai suna cikin ganuwa yayin da masunta da ma'aikatan jiragen ruwa suke can bakin teku a ƙauyukansu. Unguwar Kabanyal, wadda ita ce mafi shahara a cikinsu, gari ce mai cin gashin kanta har zuwa 1897 da aka haɗe ta da birnin, kuma har yau ana gane ta da dogayen layuka masu bin tsawon gaɓa da ƙananan gidaje da aka lulluɓe fuskokinsu da tayil mai launi, shuɗi da kore da fari. A nan ne mai zane Howakin Soroya, haifaffen garin a 1863, ya zana shanun da ake sa wa igiya suna jawo kwale-kwalen masunta zuwa tudu. A ƙarshen ƙarnin da ya wuce majalisar birni ta amince da wani shiri na tsawaita babban titi ya ratsa tsakiyar unguwar har teku, wanda da ya rushe gidaje fiye da 1,600, amma mazauna suka yi tsayin daka shekara da shekaru a kotu da kan titi har aka yi watsi da shi bayan canjin shugabancin birnin a 2015. Unguwar da aka bari ta lalace a lokacin wannan ja-in-ja ita ce yau baƙi ke rububin kama haya a cikinta, kuma jikokin masunta da dama ba sa iya biyan abin da ake nema.

Shi kansa bakin tekun, wanda ya miƙe daga tashar jiragen ruwa ya bi ta Kabanyal zuwa Malbarosa, faffaɗan rairayi ne da shiga cikinsa kyauta ce, domin dokar ƙasar ta mayar da gaɓar teku mallakar jama'a. Daga Yuni zuwa Satumba wurin ba masaka tsinke, kuma a watan Agusta zafi yana haɗuwa da danshin teku har dare ya gagari mai barci. Mazaunin gari ya fi morar sauran watanni, lokacin da tsofaffi ke tattaki da safe a kan doguwar hanyar ƙafa da ke bin gaɓa, matasa suna buga ƙwallon raga a rairayi, masu ƙugiya kuma suna kafa sandunansu da yamma. Amma kafin baƙo ya ji daɗin ko ɗaya daga cikin waɗannan sai ya gyara agogon cikinsa, domin a Balensiya ana yin wani ƙwaƙƙwaran kalaci da hantsi, tsakanin ƙarfe tara da sha ɗaya, wanda ake kira esmorsar, inda ma'aikata ke ajiye aiki su zauna da dogon burodi cike da nama ko kifi ko ƙwai, da gyaɗa da zaitun a gefe. Abincin rana ba ya sauka sai ƙarfe biyu ko uku, ƙananan shaguna da yawa suna rufewa har wajen biyar, abincin dare kuwa sai tara ko goma. Wanda ya nace sai ya ci abincin dare da magariba zai tarar da gidajen abinci a rufe, ko ya sami kansa a tebur tare da 'yan yawon buɗe ido kaɗai.

Abincin da duniya ta san Sifaniya da shi, wato pa'eya, asalinsa daga nan ne, kuma saɓanin abin da ake sayar wa baƙi, ta asali ba ta ƙunshi kayan teku ba. Abincin manoma ce da ake dafawa a faffaɗan kasko mara zurfi a kan itace, da shinkafa mai gajeren ƙwaya da naman kaza da na zomo da koren wake da wani babban farin wake, wani lokaci har da dodon koɗi. Da rana ake cin ta, galibi ranar Lahadi cikin iyali, a kan zagaye kaskon kowa da cokalinsa yana ci daga gabansa, kuma ƙanzon da ya kama a ƙasa shi ne abin da ake wawaso. Shinkafar daga fadamun tafkin Albufera take fitowa, kudu da gari kaɗan, inda wani siririn tudun rairayi mai itatuwa ya raba ruwan tafkin da na teku.

Noman shinkafa da tsarin ban ruwan da ke ciyar da gonakin da suka kewaye birnin suna komawa ne ga zamanin da Musulmi suka mulki wurin, tun daga farkon ƙarni na 8 har zuwa 1238, in ban da 'yan shekarun da wani jarumi mai suna El Sid da mutanensa suka riƙe shi daga 1094. Garin ne mahaifar Ibn Jubair, matafiyin da ya rubuta labarin tafiyarsa zuwa Makka, an haife shi a 1145. Wata cibiya da ake danganta tushenta da wancan zamani tana nan tana aiki, ita ce Kotun Ruwa, wadda ke zama kowace Alhamis da ƙarfe goma sha biyu na rana a ƙofar babbar majami'ar garin, ginin da aka ɗora a inda babban masallaci yake a da. Wakilan manyan magudanan ruwa guda takwas, manoma ne da 'yan'uwansu suka zaɓa, suna zama a kan kujeru cikin baƙaƙen riguna, mai kira yana ambaton sunan kowace magudana yana tambaya ko akwai mai ƙara, kuma idan akwai, da baki ake sauraro da baki ake yanke hukunci, ba takarda ba lauya ba ɗaukaka ƙara. Sau da yawa zaman ba ya wuce 'yan mintoci saboda babu ƙara, amma dokar ƙasa ta amince da hukuncinta, kuma hukumar UNESCO ta sa ta cikin al'adun gado na duniya a 2009.

Akwai wani abin sha da Bahaushe ba zai buƙaci a yi masa bayaninsa ba. Orcata, wadda ake sha da sanyi a lokacin zafi ana tsoma wani dogon burodi mai zaƙi a ciki, da aya ake yin ta, a jiƙa a niƙa a tace a sa sukari, wato kunun aya ne ba tare da dabino da kwakwa da citta ba. Ana noma ayar a gonakin Alboraya da kewaye, arewa da gari, kuma tana da tambarin doka da ke kare sunanta, amma abin da ake nomawa ba ya isar masana'antu, shi ya sa 'yan kasuwar Sifaniya ke sayo aya daga Afirka ta Yamma, daga Nijar da Mali da Burkina Faso, kuma yankin Maraɗi yana cikin manyan wuraren da ake noma ta.

Kogin Turiya kansa ba ya ratsa garin yanzu. A watan Oktoba na 1957 ya yi ambaliya ya kashe mutane fiye da tamanin, sai gwamnati ta haƙa masa sabuwar hanya ta kudancin birnin. An so a mayar da tsohuwar hanyarsa babbar hanyar mota, jama'a suka ƙi, a ƙarshe aka mayar da ita lambu mai tsawon kimanin kilomita tara wanda aka buɗe a 1986, kuma ta cikinsa ne mai keke ke iya ratsa birnin daga yamma har kusa da teku ba tare da ya tsaya wa mota ba, yana wucewa ƙarƙashin tsofaffin gadoji na dutse. Sabuwar hanyar kogin ta kudu kuwa ita ce ta kare tsakiyar birnin a ranar 29 ga Oktoba 2024, sa'ad da ruwan sama mai yawan gaske ya sauka a kan tsaunukan yamma, ƙoramu suka cika suka afka wa garuruwan kudu irin su Paiporta da Katarroha, mutane fiye da 220 suka rasu, gargaɗin da aka aika ta wayoyin hannu kuma bai iso ba sai bayan ƙarfe takwas na dare, lokacin da ruwa ya riga ya ci gidaje. A kwanakin da suka biyo baya dubban mutane, 'yan ƙasa da baƙi, sun riƙa tsallaka gada a ƙafa da tsintsiya da shebur da bokiti domin kwashe laka. Irin wannan ruwa yana cikin halin gaɓar Bahar Rum a watannin Satumba zuwa Nuwamba, lokacin da iska mai sanyi ta sama ke haɗuwa da tururin teku mai ɗumi, kuma duk mai neman gida a yankin ya kamata ya tambayi tarihin ruwan unguwa kafin ya tambayi nisanta da rairayi.

Kalmar baƙo a Balensiya tana rufe mutane iri biyu waɗanda rayuwarsu ba ta cika haɗuwa ba. Akwai masu fansho daga arewacin Turai da masu aiki ta intanet da albashin wata ƙasa, waɗanda Sifaniya ta buɗe wa biza ta musamman a 2023, akwai kuma 'yan ci-rani daga Latin Amurka da Maroko da Aljeriya da Pakistan da Afirka ta Yamma, waɗanda ke tsinkar lemo a lokacin sanyi, suna aikin gini da kula da tsofaffi da wanke-wanke a gidajen abinci. A tashar jiragen ruwan garin ce jirgin ceto Aquarius da wasu jirage biyu suka sauke mutane kimanin 630 a watan Yunin 2018 bayan Italiya da Malta sun hana su sauka. Abin da ya haɗa ɓangarorin biyu shi ne rajistar mazauna da ake kira fadron, wato rubuta suna da adireshi a ofishin majalisar birni, wadda da ita ake samun katin asibiti da gurbin makaranta ga yara, da ita kuma ake kafa hujjar tsawon zama a ƙasar. Abin da ya raba su kuwa shi ne haya, domin kuɗin da na farko ke gani da araha shi ne ke korar na biyu da 'yan gari masu ƙaramin ƙarfi zuwa bayan gari. A 2024 majalisar birni ta dakatar da ba da sababbin lasisi ga gidajen da ake ba 'yan yawon buɗe ido haya ta kwana, a shekarar kuma aka yi babbar zanga-zanga kan tsadar muhalli. Baƙon da ya san da wannan ya fi fahimtar dalilin da ya sa fara'ar maƙwabci takan zo da ɗan jinkiri.

Bukukuwan garin suna da yawa, wasu kuma ana iya wuce su da sauri. A daren 23 ga Yuni, daren Waliyyi Yahaya a kalandar Kirista, jama'a suna kwarara zuwa rairayi su hura wuta su yi gashi, da tsakar dare kuma su shiga ruwa suna tsallake igiyoyinsa da fatan sa'a. A unguwannin masunta ana yin makon Ista da salon kansu, inda ranar Juma'a ake kai gicciye har bakin ruwa a yi addu'a ga waɗanda teku ta ci, da tsakar daren Asabar kuma a riƙa jefo tsofaffin tukwane da kwanukan tangaran daga benaye. A ƙarshen Yuli akwai yaƙin furanni, wanda aka fara a 1891, inda 'yan mata a kan kekunan doki da 'yan kallo ke jifar juna da furanni, 'yan matan suna karewa da abin buga ƙwallon tanis. Garin Bunyol mai bikin jifa da tumatir a Larabar ƙarshe ta Agusta yana kusa, amma wannan ya daɗe da zama na masu sayen tikiti daga ƙasashen waje.

Bikin da shekarar Balensiya ke juyawa a kansa shi ne Fayas, wanda ƙarshensa ke kamawa daga 15 zuwa 19 ga Maris, kuma UNESCO ta amince da shi a 2016. Bayanin da aka fi yaɗawa game da asalinsa shi ne cewa kafintocin garin sukan ƙona guntayen katako da sandunan da suke rataya fitila a kansu a lokacin sanyi, a jajiberin ranar Waliyyi Yusufu wanda suke ɗauka majiɓincin sana'arsu, daga baya aka fara sa wa sandunan tsummoki ana kamanta su da wani maƙwabci domin a yi masa dariya. Ko yaya asalin yake, abin da ake gani yau shi ne manyan gine-ginen mutum-mutumi da ake kafawa a mahaɗar tituna, kowanne ana kiransa faya, wasu tsayinsu ya kai na bene mai hawa biyar ko shida, an yi su da katako da kwali da farar roba mara nauyi irin wadda ake kare kayan lantarki da ita, an fente su da launi mai ɗaukar ido. Kowace faya tana ƙunshe da ƙananan siffofi da ake kira ninot, kuma aikinsu zambo ne, domin a cikinsu ake ganin firaminista da sarki da magajin gari da 'yan ƙwallo da shugabannin ƙasashen waje an kumbura musu hanci ko ciki, a ƙasa kuma an rataya alluna masu ɗauke da baitocin habaici cikin harshen Balensiya. Akwai masu sana'ar ƙera su waɗanda ba su da wani aiki duk shekara sai wannan, kuma manyan fayoyin da ke gasar rukuni na musamman suna cin ɗaruruwan dubban yuro.

Tun kafin a kafa su garin ya riga ya canza. Daga 1 ga Maris har 19 ga wata, kowace rana da ƙarfe biyu daidai, ana yin maskleta a dandalin majalisar birni, wato wasan albarushi na rana tsaka wanda ba don ido ake yin sa ba, don kunne da ƙirji ake yin sa. Sarauniyar bikin ta shekarar tana tsayawa a barandar majalisa ta ba mai harhaɗa wutar izini, sai ƙarar ta fara a hankali, ɗaya bayan ɗaya, tana ƙaruwa tana sauya kiɗa kamar ana bin ganga, har a kai matakin da suke kira girgizar ƙasa, inda ɗaruruwan ƙunshin albarushi da aka rataya a igiyoyi ke fashewa kusan lokaci guda, ƙasa tana rawa ƙarƙashin ƙafa, hayaƙi ya rufe dandalin, warin albarushi ya cika maƙogwaro. Duka abin ba ya wuce minti biyar zuwa bakwai, ƙarar takan haura ma'aunin desibel 120, kuma shawarar da 'yan gari ke ba sabon zuwa ita ce kada ya toshe kunne da yatsa, ya dai buɗe baki kaɗan. Idan aka gama, jama'a sukan ruga su ɗaga mai wutar sama in ya burge su, kuma da yamma a gidajen shayi za a ji ana tafka muhawara a kan ko ƙarshen ya yi tsafta ko ya yi gaggawa, da irin natsuwar da ake tattauna wasan ƙwallo.

A daren 15 ga wata ake kammala kafa fayoyi, waɗanda yawansu ya haura 700 idan aka haɗa manya da na yara, a rufe ɗaruruwan tituna, motocin haya su sauya hanya. Da asuba 'yan unguwa suna zagayawa da 'yan badujala suna jefa ƙananan abubuwan fashewa, irin waɗanda yara a Najeriya ke kira nokawut, domin tayar da masu barci, a bakin titi kuma ana soya wani ƙosai mai zaƙi na kabewa da ake tsomawa a cakulan mai kauri. Ranakun 17 da 18 na miƙa furanni ne, inda dubun dubatar mata da maza da jarirai cikin kayan gargajiya ke jerin gwano zuwa dandalin da ke bayan babbar majami'a, ana karɓar furannin ana jera su a jikin wani katafaren katako mai siffar Maryam har su zame mata alkyabba. Rigar matan ta alharini ce mai nauyi da zanen furanni, wadda mai kyau takan ci dubban yuro, gashi kuma ana naɗe shi gammo uku ana soke shi da tsinkunan ƙarfe masu ruwan zinariya. Wannan ado gadon sana'ar alharini ne da ta arzuta garin a da, wadda babbar shaidarta ita ce Kasuwar Alharini da aka fara ginawa a 1482. A daren 19 ga wata ake cinna wa komai wuta, a fara da na yara a ƙare da ta dandalin majalisa, 'yan kwana-kwana suna fesa ruwa a bangon gidajen da ke kusa don kada tagogi su narke. Siffa biyu kaɗai ke tsira a hukumance, ɗaya daga manya ɗaya daga na yara, waɗanda jama'a suka zaɓa da ƙuri'a, al'adar da aka fara a 1934, kuma ana ajiye su a gidan tarihin bikin.

Wanda ya ga wannan daga bakin titi ya ga rabin abin ne kawai, domin Fayas ba majalisar birni ce ke yin sa ba, ƙungiyoyin unguwa ne kusan 400, kowace da shugabanninta da tutarta da ɗakin taronta da ake kira kasal. A kasal ake tara kuɗin faya ta hanyar kuɗin wata da sayar da tikitin caca da tallafin 'yan kasuwar unguwa, a nan ake cin abincin dare ranar Juma'a kowa da abin da ya kawo, a nan yara ke koyon rawa da wasan kwaikwayo, a nan ake gasar dafa pa'eya a tsakiyar titi. Iyaye da yawa suna rubuta sunan jariri a ƙungiya tun yana cikin zanen goyo, kuma da zarar an share toka ake buɗe rajistar sabuwar shekara. Ƙofar a buɗe take ga duk mai iya biyan kuɗin wata, ba a tambayar fasfo, kuma ƙananan ƙungiyoyin unguwannin talakawa sun fi maraba da sabon hannu saboda suna buƙatar mai ɗaukar kujera da mai tsaron faya da dare. Amfanin da baƙo ke samu a nan ya wuce na biki, domin ta wannan hanya ce yake sanin mai gyaran famfo na kirki da gidan da za a saki haya kafin a tallata shi, a nan kuma harshensa ke warwarewa. Harsuna biyu ne a garin, Sifaniyanci da Balensiyanci, kuma ko da yake na farko ya isa a yi rayuwa, na biyu shi ne harshen allunan habaici da sanarwar biki, don haka wanda bai san ko kaɗan daga cikinsa ba zai ga mutane suna dariya a gaban faya bai san abin da aka ce ba.

Ba kowane ɗan gari ne ke son bikin ba, kuma bai kamata baƙo ya ɗauka ƙin sa rashin ladabi ne ba. Iyalai da dama suna kulle gida su bar garin a wannan mako saboda kiɗan da ke kaiwa tsakar dare a rumfunan da aka kafa a titi, da shara, da wahalar da masu jarirai da marasa lafiya da dabbobin gida ke sha. Ana kuma sukar baƙin hayaƙin da robar ke fitarwa idan tana ci, abin da ya sa wasu masu ƙira suka koma ga katako da kwali. Hujjar masu suka tana da ƙarfi a batun hayaƙi da barci, amma tana da rauni idan suka ce asarar kuɗi ce kawai, domin kuɗin da aka ƙona shi ne ya ciyar da kafinta da mai fenti da maɗinki da makaɗi shekara guda.

Ga Musulmi mazaunin garin akwai ƙarin abin lura, kuma gwamma a faɗe shi a fili. Giya tana yawo sosai a makon Fayas, naman alade yana cikin yawancin burodin hantsi, bakin teku a lokacin zafi wuri ne da suturar mutane ta yi nisa da abin da ya saba, miƙa furanni kuwa ibada ce ta Katolika ko da yake wasu mahalarta suna ɗaukar ta al'ada kawai. Ranar 9 ga Oktoba, wadda ita ce ranar yankin baki ɗaya, tunawa ce da shigar Sarki Jaume na Ɗaya birnin a 1238 bayan sarkin Musulmi na ƙarshe, Zayyan, ya miƙa wuya, kuma da yammacinta ana jerin gwanon da ake kira na Musulmi da Kirista, inda 'yan gari ke shiga kayan yaƙi na ɓangarorin biyu, sau da yawa ma rawunan ɓangaren Musulmi sun fi ƙawa. Daga tashar jiragen ruwan garin aka kwashe dubban jikokin Musulmi zuwa Afirka ta Arewa a 1609, lokacin da yankin ya rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanensa. Yau garin yana da masallatai da mahautan halal, musamman a unguwanni irin su Oriyols da Rusafa, kuma Musulmi da yawa sun samo wa kansu iyaka, suna kai yara kallon maskleta da fayoyi da rana, suna cin pa'eyar kifi ko ta ganye da maƙwabta, suna barin abin da ya shafi ibadar wasu da shagalin dare. A 2024 da 2025 azumin Ramadan ya faɗo a kan kwanakin bikin, mai azumi yana yin awa 13 zuwa 14 cikin ƙarar albarushi da ƙamshin suya, hanyar zuwa tarawihi kuma tana toshe da jerin gwano, sai an fita da wuri an zagaya. Da yake watan yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, bisa lissafi daga 2028 azumi zai riƙa ƙarewa kafin a harba maskleta ta farko a ranar 1 ga Maris.